Tsofaffin wasannin talabijin sun hana ni barci, kuma kullum sai na yi kuka

Anti, assalamu alaikum. Shekarata 38, ina aure a Kano, 'ya'yana huɗu. A Kaduna aka haife ni, a wani gidan haya mai ɗakuna da yawa wajen Kakuri, lokacin mahaifina yana aikin masaƙa. Watannin baya ina neman yadda ake wani girki a YouTube sai na ci karo da wani tsohon wasan Samanja. Daga jin kiɗan buɗe shirin jikina ya yi sanyi. Tun daga ranar na shiga bin su ɗaya bayan ɗaya: wasannin NTA, finafinan Hausa na zamanin kaset, na Indiya, katun, har tallan sabulu da na madara. Yanzu ba na kwanciya sai ƙarfe biyu ko uku. Ina cikin dariya sai in ji hawaye. Na makara sallar Asuba ba sau ɗaya ba, kuma na taɓa kuɗin cefane na sayi data. Maigida ya ce na koma yarinya. Gwaggona ta ce a yi mini ruƙiyya, wai wannan ba banza ba. Na nuna wa 'yata mai shekara 13, ta ce hoton dishi-dishi ne, ta tashi ta bar ni.

A gidan da muka tashi talabijin ɗaya ce, ta wasu maƙwabtanmu Kiristoci, a ɗakinsu duk yaran gidan muke kallo. 'Yarsu ce babbar ƙawata. Bayan rikicin addini na 2000 a Kaduna suka tashi, mu ma muka koma Tudun Wada, ko sallama ba mu yi ba. Mamana ta rasu shekara uku ke nan. Kwanan nan na ga wata a Facebook da nake zaton ƙawar tawa ce, amma na kasa yi mata magana. Anti, ji nake kamar tun da na wuce shekara 14 ban sake jin daɗi na gaske ba, alhali mijina bai rage ni da komai ba. Butulci ne nake wa Allah? Ko ciwo ne? In daina kallon gaba ɗaya?

'Yar'uwarki daga Kano

Wa alaikumus salam, ƙanwata. Allah ya jiƙan Mama, ya kai haske kabarinta, ya ba ku haƙurin rashinta.

Bari in fara da gwaggo, tunda ita ce babba. Karanta Alƙur'ani da azkar kafin kwanciya alheri ne a kowane hali, ki riƙe su. Amma abin da kika zayyana ba ya buƙatar a nemo masa dalili a wajen aljanu. Ki tambayi sa'o'inki goma, mata da maza, ko akwai wani kiɗa ko murya ta zamanin ƙuruciyarsu da in suka ji sai gabansu ya faɗi. Da wuya ki samu biyu da za su ce babu. Bambancinki da su, ke kin samu ƙofar a buɗe cikin dare, ba mai tsayar da ke, kuma kin same ta a lokacin da zuciyarki take da rauni.

Shekarun da kika ambata ma ba ke kaɗai suke riƙe wa wuya ba. A 2018 wani mai nazarin alƙaluma a Amurka, Seth Stephens-Davidowitz, ya duba bayanan sauraron waƙa na manhajar Spotify, ya ga cewa waƙoƙin da mata suka fi komawa gare su bayan sun girma su ne waɗanda suka fito suna wajen shekara 13, maza kuma wajen 14. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. A shekarun nan ne yarinya take fara zaɓen abin da take so da kanta, ba wanda aka zaɓa mata ba. Lokacin ne ake ƙawa ta farko da ake gaya wa sirri, ake fara jin kunyar wani, ake fara gane abin da manya suke faɗa da ido. Komai karon farko ne, shi ya sa yake zama daram a ƙwaƙwalwa, har da kiɗan da ke tashi a gefe lokacin da abin yake faruwa. Shekarun da suka biyo baya, na aure da goyo da girki da kai yara makaranta, ranakunsu sun yi kama da juna, sai ƙwaƙwalwa ta dunƙule su wuri ɗaya. Idan kika waiwaya sai ki ga can baya launi ne kala-kala, nan kusa kuma fari fat. Wannan bai nuna ba ki ji daɗi a gidan mijinki ba. Ya nuna yadda ake ajiyar tunani ne kawai. Masu binciken halayyar ɗan Adam a Jami'ar Southampton ta Ingila, waɗanda suka daɗe suna nazarin irin wannan bege, sun gano cewa kaɗaici da ɓacin rai suna cikin manyan abubuwan da ke tayar da shi, kuma sau da yawa yana rage wa mutum jin cewa shi kaɗai ne a duniya. To ki lissafa da kanki: uwa ta tafi, kina garin da ba a nan kika tashi ba, 'yarki ta kai shekarun da kike a lokacin. Da abin bai zo ta YouTube ba, da ya zo ta wata hanyar.

Kin tambaya ko butulci ne. Hausawa sun ce kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba, kuma na san da wannan maganar ake yi wa irinki gori. Ni ban yarda da ita ɗari bisa ɗari ba. A cikin Bukhari da Muslim, Nana A'isha ta ba da labarin ranar da Hala 'yar Khuwailid, 'yar'uwar Nana Khadija, ta zo ta nemi izinin shiga wurin Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Da ya ji yadda ta nemi izinin sai ya tuna irin neman izinin Khadija, abin ya girgiza shi, ya ce: "Ya Allah, Hala ce." Wannan bayan rasuwar Khadija da shekaru, yana Madina, yana da wasu matan, yana da al'umma a wuyansa. Murya ce kawai ta shigo daga bakin ƙofa. Kuma a Sahihu Muslim, Jabir ɗan Samura ya ce sahabbai sukan zauna bayan sallar Asuba suna hirar abubuwan da suka yi a zamanin jahiliyya suna dariya, Annabi yana murmushi. Saboda haka tuna baya da jin motsin zuciya a kansa ba rashin godiya ba ne.

Amma ki dubi abin da ya biyo bayan begen. Nana A'isha ta ce yakan yanka akuya, ya yanyanka naman, ya aika wa ƙawayen Khadija. Begen wadda ta rasu ya zama nama a kwanon waɗanda suke raye. Wannan shi ne abin da na ga babu a cikin wasiƙarki, kuma shi ne duk shawarar da zan ba ki, sauran bayani ne. Watanni kina kuka ke kaɗai a cikin duhu, amma ba ki ambaci mutum ɗaya da kika kira ba. Ƙawayen Mama fa? Cikin matan gidan hayar nan akwai waɗanda suke da rai, a Rigasa ko Tudun Wada ko ƙauyukansu. Akwai wadda ta yi wa Mama wankan jego, akwai wadda suke adashi tare, akwai wadda take ba ku ɗumame in Mama ta tafi unguwa. Yayyenki ko gwaggo ba za su rasa lambar ko da ɗaya ba. Kuɗin datar mako guda ya isa ki aika wa tsohuwa turmin atamfa ko kuɗin goro, ki kira ta ki ce: "Ni ce 'yar wance, na tuna ku ne." Za ta ba ki labarin mahaifiyarki da ba ki taɓa ji ba, kuma babu tashar da ke da shi.

Kafin in zo kan ƙawarki, bari mu yi maganar wayar, don a nan ne ɓarnar take. Ki tuna yadda kallon yake a da. Tasha ba ta buɗewa sai wajen ƙarfe huɗu na yamma, kafin nan sai zanen launuka da ƙara. Wasan da kuke so sau ɗaya yake zuwa a mako. In NEPA ta ɗauke wuta ana tsakiyar shiri, shi ke nan, sai dai gobe a makaranta wanda unguwarsu ke da wuta ya ƙarasa muku da baki, har da kwaikwayon muryar Samanja yana haɗa Hausar barikinsa da Turanci. Kaset kuma haya ake ɗaukowa, a yi karo-karo, a kalla, a mayar da zaren baya, a kai wa mai shago kafin ya ƙara kuɗi. Da dare ya yi a sa taken ƙasa a rufe tasha, kowa ya watse. Rabin daɗin yana cikin jiran, da wankan da ake yi da wuri don kada a hana ki shiga ɗakin mutane da ƙafa buɗu-buɗu, da rigimar wa zai zauna gaba. Yanzu duk waɗannan shingayen sun faɗi. YouTube an gina shi ne don kada ki tashi: ɗaya na ƙarewa wani ya hau da kansa, kuma kowane kallo da kika yi yana koya masa irin abin da zai ƙara turo miki. Abin da aka shirya a ci mako-mako tsawon shekaru, ke kina cinye shi a dare uku. Turaren wuta ƙamshi ne, amma in kika rufe ƙofa da taga kika yi ta zuba shi a kasko har asuba, hayaƙi za ki shaƙa.

Don haka ba zan ce ki daina ba, zan ce ki mayar wa abin shingensa. Ki kashe maɓallin da ke sa bidiyo ya bi bidiyo da kansa, yana nan a saman hoton in kin taɓa shi. Waya ta kwana a falo tana caji, ba ƙarƙashin matashi ba, in don ƙararrawar Asuba ce ki sayi ɗan agogo. Ki ware rana ɗaya ko biyu a mako, bayan Isha, shiri ɗaya ko biyu, a talabijin ɗin falo in da hali, inda wani zai iya zama kusa da ke. Abin da kike so ki sauke shi a waya tun da rana, sai ki kashe data kafin ki fara kallo, in ya ƙare ya ƙare. Kuɗin cefane kuwa amana ne, ki gaya wa maigida da bakinki kin taɓa, ki mayar, tun kafin ya gano da kansa maganar ta canza kama. Batun kiɗa da waƙa da ke cikin finafinan malamai sun yi magana a kai, ki tambayi malamin da kike karatu a wurinsa, ni ba mai fatawa ba ce. Amma ba sai an je wurin malami ba kafin a san cewa kallon da ke cin sallar Asuba ya wuce gona da iri.

Akwai wani abu da nake so ki yi a ranki, ba don in ɓata miki zamanin ba. Shekarun da kike kira na jin daɗi, ki tambayi gwaggo yadda suka kasance a wurin manya. Shekarun mulkin Abacha ne da abin da ya biyo baya: layin mai na kwana da kwanaki, kananzir ya gagari talaka har mata suka koma murhun garin katako da aka laƙaba wa sunan shugaban ƙasar. A 1996 sanƙarau ya kashe dubban mutane a Arewa, yawanci yara. Masaƙun Kaduna, waɗanda suka riƙe dubban gidaje irin naku, a lokacin suke tangal-tangal. Ta farkonsu, Kaduna Textiles Limited (KTL), wadda ta fara aiki a 1957, an rufe ta a 2002, wasu suka bi bayanta cikin 'yan shekaru. Ina da yaƙinin akwai daren da kike ƙyalƙyala dariya a ɗakin maƙwabta, Baba yana kwance yana lissafin kuɗin haya, Mama tana auna sauran garin da ke cikin kwano. Ba ki sani ba saboda sun tsaya tsakaninki da sanin. Zamanin bai zo da daɗinsa daga sama ba, mutane ne suka yi miki shi, da guminsu da shirunsu. Idan kika gane haka, kukan zai samu inda zai dosa, ya zama addu'a da sadaka ga Mama, in Baba yana raye kuma ya zama ziyara. Sannan ki lura cewa kujerar da suka zauna a kai yanzu ke ce a kanta.

Wannan ya kawo ni kan 'yarki. Kada ki ji haushinta. Gaskiya ta faɗa, hoton dishi-dishi ne, sautin yana shaƙewa, wasu wuraren ma wasan yana jan ƙafa. Ke ba hoton kike kallo ba, ɗakin da kika fara ganinsa kike kallo, ita kuwa ba ta taɓa shiga ɗakin ba. Ba za ki iya dasa mata begenki ba, kuma ba ta buƙatarsa, nata yana kan ginuwa a wannan shekarar da muke ciki. Nan da shekara 25 wani kiɗa zai tashi a wani wuri, gabanta ya faɗi, ta tuno gidanku na Kano. Abin tambaya shi ne me za ta gani in ta tuno. Uwa mai kumburarrun idanu da safe, wadda hasken waya ke haska fuskarta da dare? Ko uwar da ta zauna ta ce, "Zo ki nuna mini abin da ku kuke kallo," ta daure ta kalla har ƙarshe ko da bai yi mata ba? Ki yi hakan, za ki san abin da ke shiga kanta, wanda dama wajibinki ne. Ki bar turo mata bidiyo, ki ba ta labari. Yara sun fi son jin yadda aka kore ki daga ɗakin kallo saboda kin yi tusa, ko yadda kuka haɗa kuɗin tara kuka yi hayar kaset aka kama ku, fiye da kallon kaset ɗin kansa. Ƙannenta kuma ki koya musu 'yar carafke da waƙoƙin gaɗa da kike iya tunawa, in wuta ta ɗauke ki ce "ga ta nan, ga ta nanku" ki ga yadda za su matso. Waɗannan ma nishaɗin ƙuruciyarki ne, kuma sun fi wasannin talabijin fuskantar ɓata, don su ba wanda ya naɗe su a kaset.

Maigida kuma, da ya ce kin koma yarinya, ina jin ba zagi yake nufi ba. Mutum ne ya juya cikin dare ya ga matarsa tana kuka a kan abin da ba shi a ciki, kuma ya rasa ta inda zai kama. Namiji in ya ji ana cewa "da can na fi jin daɗi", abin da kunnensa ke ji shi ne "ka gaza". Ki cire masa wannan. Ki gaya masa kai tsaye cewa kewar Mama ce da gidan da kuka tashi, ba wani abu ya rage ki da shi ba. Sannan ki tambaye shi shi me yake kallo yana ɗan shekara 14. In a Kano ya tashi, zai ambaci CTV, wadda gwamnatin Abubakar Rimi ta kafa, yanzu ake kiranta ARTV, ko ya ba ki labarin yadda suke satar jiki zuwa silima kallon Indiya da Canis, a dawo a sha bulala. Ban taɓa ganin magidancin da aka yi wa wannan tambayar ya amsa da jimla ɗaya ba. Ki nemo masa nasa, ku kalla tare. Wani ɗan gargaɗi a gefe, tunda hanyar ɗaya ce: daga tsofaffin finafinai ake zarcewa zauren tsofaffin ɗalibai a WhatsApp, daga nan wani da ya taɓa ba ki alawa a aji biyu ya fara "kin tuna?" da tsakar dare. Wasiƙun da suka fara da haka suna zuwa mini, kuma ba sa ƙarewa da daɗi. Zumunci da mata 'yan'uwanki ki sake jiki, na maza ya tsaya a gaisuwar cikin taro, da sanin mijinki.

Yanzu ƙawarki. A ganina a nan ciwon ya fi zurfi, har fiye da yadda kika ɗauka. Yawancin mutane ƙuruciyarsu takan ƙare a hankali, ƙawaye su yi aure ɗaya bayan ɗaya, a riƙa haɗuwa a biki da suna. Taku yanke ta aka yi. Rikicin Fabrairun 2000, da wanda ya sake tashi a watan Mayu, da na Nuwambar 2002, sun ci rayuka masu yawa, kuma sun sake zana taswirar garin. Musulmi suka tattara zuwa unguwannin arewacin kogi, Kiristoci suka gangara kudu, irin su Sabon Tasha da Narayi da Unguwar Television. Gidan haya irin naku, inda ake kai wa juna tuwon Sallah da shinkafar Kirsimeti, yaran kowa su cushe a gaban talabijin ɗaya, ya yi ƙaranci ƙwarai a Kaduna. Wato ko kin hau mota kin je Kakuri yau, ginin kawai za ki tarar in ma yana nan. Kina shekara 13 aka raba ki da aminiyarki cikin tsoro, ba sallama, kuma na tabbata ba wanda ya zaunar da ke ya tambaye ki yadda kika ji, don a lokacin wanda ya tsira da ransa godiya kawai yake yi. Kukan da ba ki yi ba a lokacin yana cikin wanda kike yi yanzu.

Ki yi mata magana. Ki fara tabbatar da ita ce: ki duba hotuna da sunayen 'yan'uwanta, ki nuna wa yayarki ko wani da ya san su. Saƙon ya zama gajere, gaisuwa, sunanki da sunan da ake kiranki da shi a gida, sunan layinku, da tambaya ko ita ce wance 'yar gidan wane. Kada ki buɗe da zancen rikici, ba ki san abin da ya same su a ciki ba, ko wa suka rasa. In ta kawo zancen da kanta, ki saurara fiye da yadda za ki yi magana. Ki tambayi iyayenta. In mahaifiyarta tana raye, ki roƙa a haɗa ku, ki gode mata. Matar nan ta buɗe ɗakinta shekara da shekaru ga 'ya'yan mutane, ta haƙura da ƙurarku da surutunku, wataƙila ba wanda ya taɓa dawowa ya ce mata an gode. Haƙƙin maƙwabtaka bai tsaya a kan Musulmi kaɗai ba, kuma bai faɗi don an tashi daga gida ba.

Ki shirya wa kowace irin amsa. Tana iya yin ihun murna ta kira ki a daren. Tana iya amsawa a sanyaye, don shekara 25 ba kwana 25 ba ne, ita ma ta zama wata mata da nata nauyin da nata tabon. Tana iya yin shiru. Kuma ko kun haɗu, bayan kun gama "kin tuna" na awa biyu kuna iya rasa abin cewa, wannan ba laifin kowa ba ne. In an samu sabon zumunci, alhamdu lillahi. In ba a samu ba, kin dai yi sallamar da aka hana ki. In kuma wadda ta amsa ta fara da neman kuɗi ko lambar asusu kafin ku ji muryar juna, ki tsaya, ana sace shafukan mutane a yi damfara da sunansu.

Maganar ciwo ba zan share ta ba, saboda jimlar nan taki ta cewa ba ki sake jin daɗi na gaske ba. In magana ce ta cikin dare, wadda in gari ya waye kika ga yaranki takan sake ki, to abin da na faɗa a sama ya isa. Amma ki auna kanki da gaskiya. In kin gyara barcinki, kin rage kallon, amma aka yi mako biyu ko fiye kullum ranki a jagule, abin da kike so da can ya fita ranki, abinci ba ya shiga ko ya yi yawa, jiki ba ƙarfi, kina ganin kanki ba ki da amfani, to wannan ciwon damuwa ne, kuma yakan biyo bayan rashin uwa ko da an yi shekaru. Yana da magani kamar hawan jini. A Kano akwai sashen kula da lafiyar ƙwaƙwalwa a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, kuma kina iya farawa da likitan da kika saba gani, shi zai tura ki inda ya dace. In har tunanin cutar da kanki ko gajiya da rayuwa ya taɓa zo miki, kada ki jira mako biyun, ki gaya wa maigida ko wata 'yar'uwa a ranar, a tafi asibiti. Zuwa wurin likita ba ya hana addu'a, gwaggo ma tana iya raka ki.

Abu na ƙarshe, tunda kin shiga wannan harka. Abin da kike gani a intanet ɗan kaɗan ne daga abin da aka yi. Gidajen talabijin a da, har da BBC, sukan goge kaset su naɗi sabon shiri a kansa saboda tsadarsa, wanda ya tsira kuma zafi da laima da ƙura suna cin sa. Masu wasan ma suna ta tafiya: Ƙasimu Yero ya rasu a 2017, Usman Baba Pategi, wato Samanja, a Nuwambar 2023. In kin gan su a allo ki yi musu addu'a, sun faranta wa mutane da yawa. Sannan ki tambayi 'yan'uwanki ina kayan Mama suke. A akwatunan iyayenmu sau da yawa akwai kaset ɗin biki ko suna ko walimar saukar karatu, da na rediyo da aka yi wa wani ɗan'uwa saƙon murya. Zaren kaset ba ya jira, kuma tun 2016 kamfanin ƙarshe da ke ƙera na'urar bidiyo ta kaset, a Japan, ya daina. In kun samu, kada ku cusa shi a tsohuwar na'urar da ta shekara goma a ajiye, tana iya cinye zaren. In kin ga farin fumfuna ta cikin gilashinsa, a goge shi tukuna a wurin wanda ya iya. Masu ɗaukar bidiyon biki na da, da masu harkar finafinai a Kano, akwai waɗanda har yanzu suke juyar da kaset zuwa kwamfuta. Ki ce a ba ki a filashi, ki raba wa kowane ɗan ɗakinku kwafi, don kada ya zauna a hannun mutum ɗaya ya sake ɓata.

Ki rubuto mini in kin ji daga ƙawar taki. Ki gaida gwaggo da maigida.